Yadda Ake Ƙiyasta Wutar da Iskar Yanki Za Ta Iya Bayarwa

Duk wanda ya shigo fannin samar da wutar lantarki daga iska sabo, tambayarsa ta farko ita ce: nawa ne matsakaicin gudun iska a wurin? Tambayar ba laifi, amma amsarta kaɗai ba ta isa a kafa injin iska ko guda ɗaya ba, balle a ce yanki kaza zai ba da wuta kaza a shekara. Na daɗe ina zama da bayanan iska, kuma abin da na gani shi ne yawancin ƙiyasin da ke lalacewa ba lissafi mai wuya ke kayar da su ba. Ƙananan abubuwa ne da aka tsallake tun farko. Ga yadda nake bi, daga buɗe fayil ɗin farko har zuwa adadin da zan iya sa hannu a kai.

Kayan aiki

Na farko kuma mafi daraja shi ne bayanan awo daga wurin kansa. Ana samunsu daga doguwar hasumiyar ƙarfe da aka ɗaura wa na'urar auna gudun iska a tsayi biyu ko uku, da kibiyar nuna alkiblar iska, da ma'aunin zafi, da ma'aunin matsin iska, sai akwatin da ke adana awon. Al'adar fannin ita ce a adana matsakaicin kowane minti 10. Kana buƙatar wata 12 cur, domin iska tana canzawa da yanayin shekara. A shekara guda za ka samu layi 52,560.

Na biyu, bayanan dogon zango na shekara 15 zuwa 20 ko fiye. Akwai ERA5 na cibiyar hasashen yanayi ta Turai, ECMWF, wanda ya faro daga 1940, yana ba da gudun iska awa-awa a tsayin mita 10 da mita 100. Akwai kuma MERRA-2 na hukumar NASA ta Amurka, daga 1980. Duka biyun kyauta ne a intanet. Bayanan tashar yanayi mafi kusa su ma suna da amfani, da sharaɗin da zan faɗa a gaba.

Sai taswirar tudu da kwari, da taswirar abin da ya rufe ƙasa, wato daji, gonaki, ruwa da gidaje. Manhajar QGIS ta isa wajen sarrafa su. Ga lissafi kuwa, Excel ko LibreOffice Calc za su ɗauki bayanan hasumiya ɗaya ba tare da wahala ba. Idan wuraren awo sun yi yawa, koyi R ko Python, za ka huta. Na ƙarshe, jadawalin ƙarfin injin da ake son kafawa, mai nuna wutar da yake bayarwa a kowane gudun iska, wanda kamfanin da ya ƙera shi ke bayarwa, da littafi guda da za ka riƙa rubuta duk abin da ka cire ko ka gyara a bayanan, da dalilin yin hakan.

Idan babu hasumiya fa? Fara da Global Wind Atlas, wanda Jami'ar Fasaha ta Denmak ta haɗa tare da Bankin Duniya. Yana nuna gudun iska a faɗin duniya, murabba'i-murabba'i na mita 250. Ya dace da gano inda ya kamata a je a auna. Bai dace a ɗauki alƙawarin wuta da shi kaɗai ba.

Mataki na 1: Tace bayanai

A nan rabin aikin yake, kuma a nan mutane suka fi gaggawa. Kafin ka lissafa komai, zana gudun iska na tsawon shekarar a kan layin lokaci ka zuba masa ido wata-wata.

Fara da ma'auni. Duk lissafinmu da mita a sakan ake yinsa. Tashoshin filayen jirgin sama sukan rubuta da not, kuma not ɗaya mita 0.514 ne a sakan. Idan kilomita a awa ne, raba da 3.6. An taɓa miƙo mini rahoton wani wuri da aka ce ya fi ko'ina iska a yankinsa, masu shi har sun fara maganar neman jari. Da na buɗe fayil ɗin asali, sai na ga kan layin yana ɗauke da haruffa biyu ƙanana, kt. Not ne aka ɗauka a matsayin mita a sakan. Gudun ya kusan ninka biyu, ƙarfin kuwa ya ninka fiye da sau bakwai. Ban ji daɗin isar da wannan labari ba, amma gara a ji shi a kan takarda da a ji shi bayan an zuba kankare.

Bayan ma'auni, nemi lambobin da akwatin adana awo ke sakawa idan bai samu komai ba, irin su 9999 ko -999. Guda ashirin daga cikinsu sun isa su gurɓata matsakaicin shekara. Nemi wuraren da gudu ya tsaya cak a kan adadi ɗaya na awanni, alamar na'urar ta maƙale, ko ƙanƙara ta kama ta a wurare masu tsananin sanyi. Kwatanta na'urori biyu na hasumiya ɗaya: idan tazarar da ke tsakaninsu tana ƙaruwa sannu a hankali wata bayan wata, ɗaya ta fara gajiya, kofunanta ba sa juyawa yadda ya kamata. Duba kuma inuwar hasumiya. Idan iska ta biyo ta bayan ƙarfen kafin ta iso na'urar, awon yakan yi ƙasa. Shi ya sa ake ɗaura na'urori biyu a tsayi ɗaya, kowace a nata gefen, sai a riƙa ɗaukar wadda iska ta fara tararwa.

Abin da ka tabbatar ba daidai ba ne, goge shi ka bar gurbin babu komai. Kada ka cika da sifili, domin sifili yana nufin iska ta kwanta, kuma ba haka abin ya faru ba. Daga ƙarshe lissafa kashi nawa na bayanan suka tsira. Ni ina son in ga kashi 90 cikin 100 ko fiye. Lura da inda giɓin ya faɗa: rasa kwana 30 warwatse cikin shekara ba komai ba ne, amma rasa wata guda na lokacin da iska ta fi ƙarfi zai karkatar da komai. Maganin wannan shi ne ka fitar da matsakaicin kowane wata daban, sannan ka haɗa watanni 12 ɗin, kowanne da nauyin kwanakinsa.

Mataki na 2: Lissafa ƙarfin da ke cikin iskar

Ƙa'ida ɗaya ce tilas ka riƙe:

P = ½ × ρ × v³

P shi ne ƙarfin da ke ratsa kowane murabba'in mita, da wat. ρ nauyin iska ne, da kilogiram, a kowace mita mai cika, wato sararin da tsawonsa, faɗinsa da tsayinsa duk mita ɗaya ne, v kuma gudu. Wannan ƙaramar 3 da ke saman v tana nufin gudu sau gudu sau gudu, kuma ita ce zuciyar aikin gaba ɗaya. Gudu ya ninka biyu, ƙarfi ya ninka takwas. Kuskuren kashi 5 a gudu ya zama kusan kashi 16 a ƙarfi.

Ga kuskuren da na fi gani wurin masu koyo: su fitar da matsakaicin gudu, sannan su saka shi a ƙa'idar. Ɗauki misalin wurare biyu. A na farko iska tana tafiya mita 6 a sakan dare da rana ba canji. A na biyu, rabin lokaci tana 2, rabin lokaci tana 10. Matsakaicinsu ɗaya ne, 6. A na farko v³ ya zama 216. A na biyu kuwa 8 da 1,000 ne, ka raba biyu ka samu 504. Wato wuri na biyu yana ɗauke da ƙarfi fiye da ninki biyu na na farko, alhali a takardar matsakaici ba ka ganin bambanci ko kaɗan. Saboda haka ka buɗe sabon shafi a jadawalinka, ka lissafa v³ na kowane layi, sannan ka ɗauki matsakaicin waɗannan.

Nauyin iska da aka saba sawa shi ne 1.225, amma wannan na bakin teku ne a zafin digiri 15. Iska mai zafi ta fi sauƙi, haka ma iskar tudu. Lissafa naka: raba matsin iska, a ma'aunin faskal, da 287.05 sau zafi a ma'aunin Kelvin, wato digirin Salshiyos a tara da 273.15. A bakin teku da zafin digiri 30 za ka samu 1.164, ragin kashi 5. A tsayin mita 1,500 sama da teku yakan sauka wajen 1.06. Wanda ya manta wannan ya ƙara wa kansa wutar da babu ita.

Mataki na 3: Gano yadda gudun ya rarrabu

Yanzu kasa gudun aji-aji: 0 zuwa 1, 1 zuwa 2, har sama. Ƙirga layi nawa suka faɗa kowane aji, da FREQUENCY ko COUNTIFS, ka zana ginshiƙai. Galibi za ka ga tudu da ya tashi da sauri ta hagu, ya ja doguwar wutsiya ta dama. Siffar da ta fi dacewa da irin wannan tudu ita ce rarrabuwar Weibull, mai sunan injiniyan ƙasar Suwidin, Waloddi Weibull, wanda ya yaɗa ta a wani rubutu na 1951. Amfaninta shi ne tana dunƙule layi dubu hamsin su koma lambobi biyu. c yana nuna girman gudu, da mita a sakan. k yana nuna siffa: idan ya yi ƙasa, kamar 1.5, iskar mai sauyi ce, yau shiru gobe guguwa. Idan ya kai 3, iskar mai ɗorewa ce.

Hanya mafi sauƙi ta samo su ita ce wadda Justus da abokan aikinsa suka bayar a 1978. Fitar da matsakaicin gudu da AVERAGE, da ma'aunin warwatsuwa, σ, da STDEV. Raba σ da matsakaici, ka ɗaga sakamakon zuwa -1.086, wato ^-1.086 a Excel. Wannan shi ne k. Sannan c shi ne matsakaici a raba da Γ(1 + 1/k), Γ alamar lissafi ce da ake kira gamma, kuma GAMMA a Excel za ta ba ka wannan.

Mu gwada. A ce matsakaici 6.0 ne, σ kuma 3.0. Rabon ya zama 0.5, k ya fito 2.12. Γ(1.47) kusan 0.886 ne, don haka c ya zama 6.77. Ƙarfi daga Weibull shi ne ½ × ρ × c³ × Γ(1 + 3/k), wanda a nan ya ba da wajen wat 238 a murabba'in mita. Da ka saka matsakaicin 6 kai tsaye da ka samu 132. Ka ga girman tazarar.

Akwai wasu hanyoyin. Ta zane: lissafa F, wato kason lokacin da gudu bai wuce wani adadi ba, ka zana ln(-ln(1 - F)) a kan ln(v), inda ln ke nufin logaridim, wato LN a Excel. Gangaren layin shi ne k. Tana da kyau wajen gani da ido ko Weibull ta dace, amma ajujuwan ƙarshe masu ƴan layuka sukan ja ta. Hanyar mafi yiwuwa, wadda R da Python ke yi da umarni ɗaya, ta fi su inganci idan kana da cikakkun bayanai, sai dai ba ta karɓar sifili. Cire lokutan da iska ta kwanta, samo k da c daga sauran, sannan ka ninka sakamakon ƙarshe da kason lokacin da iska ke motsi.

Ko wace hanya ka bi, gwajin da nake dogara da shi guda ne: kwatanta ƙarfin da Weibull ta ba ka da wanda ka lissafa kai tsaye a mataki na 2. Idan tazarar ba ta wuce ƴan kaso ba, ci gaba. Mutane sukan yi murna da R², ma'aunin yadda siffa ta dace da bayanai, mai kusantar 1, alhali siffar ta kuskure wutsiyar dama, inda wutar take. Wani lokacin kuma ginshiƙan za su nuna tudu biyu, kamar inda yanayi biyu na shekara ke da iska daban-daban. A nan kada ka tilasta Weibull ɗaya. Raba bayanan yanayi-yanayi, ko ka yi aiki da ginshiƙan kansu.

Idan matsakaici kaɗai gare ka, ba σ, ɗauki k a matsayin 2. Wannan ita ce rarrabuwar Rayleigh, kuma a ƙarƙashinta ƙarfi shi ne abin da matsakaici ya bayar sau 1.91. Ka rubuta a rahotonka cewa zato ne.

Mataki na 4: Ɗaga gudun zuwa tsayin injin

Tashoshin yanayi a mita 10 suke awo, bisa ƙa'idar Hukumar Yanayi ta Duniya. Cibiyar fiffiken manyan injinan yau kuwa tana mita 80 zuwa sama da 100. Iska tana ƙara gudu da tsayi saboda ƙasa, itatuwa da gine-gine suna riƙe ta ƙasa. Ƙa'idar da aka fi amfani da ita:

v2 = v1 × (h2 ÷ h1)^α

v1 gudun da aka auna ne a tsayi h1, v2 gudun da ake nema a tsayi h2, α kuma lambar da ke nuna yadda gudu ke ƙaruwa da tsayi. Littattafai da yawa za su ce maka α ɗaya bisa bakwai ne, wato 0.143. Wannan na fili ne shimfiɗaɗɗe mai gajeriyar ciyawa, cikin yanayi matsakaici. A kan ruwa ya fi haka ƙanƙanta, a kan daji ko gari ya fi haka girma. Idan kana da tsayi biyu, lissafa naka. A ce mita 40 ta ba da 5.6, mita 60 ta ba da 6.0. Raba ln(6.0 ÷ 5.6) da ln(60 ÷ 40), ka samu 0.17. Da wannan, gudu a mita 100 ya zama 6.54, ƙarfi kuma ya ƙaru da kusan kashi 30.

α ba ya tsayawa wuri ɗaya. Da rana, ƙasa ta yi zafi, iskar sama da ta ƙasa suna cakuɗuwa, sai α ya ragu. Da dare iskar ƙasa ta kwanta ta sama tana gudu, sai ya ƙaru sosai. Don haka na fi son in fitar da α na kowace awa da kowane wata, in ɗaga kowane layi da nasa. Kada ka sa layukan da gudunsu bai kai mita 3 ba cikin wannan lissafi, suna ba da α marar kan gado. Kuma iya nisan tsallen, iya girman kuskuren. Daga 60 zuwa 100 abu ne mai yiwuwa. Daga 10 zuwa 100 da α na aro, wannan sai dai a kira shi hasashen farko.

Mataki na 5: Daidaita da dogon zango

Shekarar da ka auna shekara ɗaya ce cikin shekarun da injin zai yi yana aiki, ashirin ko fiye. Ta yiwu ka dace da shekara mai iska, ta yiwu akasin haka. Hanyar gyarawa ana kiranta MCP a fannin, ma'anarta auna, danganta, ƙiyasta.

Ɗauko ERA5 ko MERRA-2 na wurin da ya fi kusa da hasumiyarka. Mayar da bayananka na minti 10 su koma na awa-awa, ka jera su gefe da gefe da na dogon zango a lokutan da suka haɗu. Hattara da agogo: waɗannan bayanan da lokacin UTC suke, wato agogon bai-ɗaya na duniya, akwatinka kuma mai yiwuwa da agogon ƙasa aka saita shi. Na taɓa kwana biyu ina neman dalilin da ya sa alaƙar ta yi rauni, ashe tazarar awa ce kawai tsakanin agogon biyu. Da na matsar da shafin layi ɗaya, komai ya zauna.

Auna alaƙar da CORREL. Idan ta awa-awa ta yi rauni, gwada ta kwana-kwana ko wata-wata, galibi takan ƙarfafa. Idan har ta wata-wata ba ta da ƙarfi, wannan madogara ba ta san iskar wurinka ba, nemi wata.

Gyara mafi sauƙi shi ne na rabo. A ce madogarar ta ba da matsakaicin 5.5 cikin shekara 20, amma 5.8 a shekarar awonka. Kenan ka auna a shekara mai albarka. Ninka 6.54 da 5.5, raba da 5.8, ka samu 6.20. Ragin ƙarfi kusan kashi 15 ke nan, wanda da ba ka yi wannan mataki ba da ka yi alƙawarinsa. Hanya ta gaba ita ce jan miƙaƙƙen layi tsakanin bayanan biyu da SLOPE da INTERCEPT, a sake gina shekaru ashirin na wurinka awa-awa. Tana da illa guda da ya kamata ka sani: tana matse warwatsuwar gudu, k ya fito sama da gaskiya, ƙarfi ya fito ƙasa. Gyaranta shi ne ka sa gangaren layin ya zama σ na wurinka a raba da σ na madogara.

Game da tashar yanayi da na ce akwai sharaɗi: bincika tarihinta. Idan an canza na'ura, ko an matsar da ita, ko gine-gine da itatuwa sun taso kewaye da ita, za ka ga gudu yana sauka shekara bayan shekara alhali iskar ba ta canza ba. Irin wannan tasha ba a jingina da ita.

Bayan mataki na 4 da na 5, koma ka sake fitar da k da c da gyararrun bayanai. Su ne za ka tafi da su gaba.

Mataki na 6: Alkibla

Raba da'ira gida 12, kowane digiri 30, ka ga ta ina iska ke zuwa. Zana biyu, ɗaya na yawan lokaci, ɗaya na ƙarfi, domin alkiblar da iska ta fi yawan fitowa ba lallai ita ce mai wuta ba. Kada ka ɗauki matsakaicin digiri kai tsaye: 350 da 10 duk arewa ne, amma matsakaicinsu 180 zai nuna maka kudu.

Mataki na 7: Daga gudu zuwa wuta

Ba duk ƙarfin iska inji ke kamawa ba. Masanin Jamus Albert Betz ya nuna cewa iyakar abin da kowane inji zai iya tsamowa ita ce kashi 59.3, injinan gaske kuma suna ƙasa da haka. Shi ya sa ba a ƙiyasta wuta daga wat a murabba'in mita, sai daga jadawalin ƙarfin inji. Galibin manyan injina suna fara juyawa a mita 3 zuwa 4 a sakan, su kai cikakken ƙarfi wajen 11 zuwa 13, su tsaya don kare kansu wajen 25.

Ga kowane ajin gudu, samo kason lokaci daga WEIBULL.DIST ko daga ginshiƙanka, ninka da awa 8,760 na shekara, sannan da kilowat ɗin da jadawalin ya nuna a wannan gudu. Tara duka. Jadawalin kamfani yawanci na nauyin iska 1.225 ne, don haka nemi wanda ya dace da naka ko ka gyara. Daga jimlar cire asara: injinan gaba suna rage wa na baya iska, akwai ranakun gyara, akwai abin da ke zubewa a waya da taransifoma, akwai ƙura da dattin da ke manne wa fiffike. Kowace asara ninka ta ake yi bi da bi, ba tarawa ba.

Raba abin da ya rage da abin da injin zai bayar da a ce yana cikakken ƙarfi duk shekara. Injin megawat 2.5 zai ba da 21,900 na megawat-awa a wannan hali. Idan lissafinka ya ba da 7,000, kason aikinsa 32 ne cikin 100. Wannan adadi ne ya fi sauƙin kwatanta wuri da wuri.

Mataki na 8: Daga wuri ɗaya zuwa yanki

Nan ne ake buƙatar taka-tsantsan mafi yawa, domin hasumiya tana magana ne da bakin wurin da take tsaye kawai. A shimfiɗaɗɗen fili za ta iya wakiltar kilomita da dama. A ƙasa mai duwatsu, ƙwanƙolin tudu da kwarin da ke ƙarƙashinsa duniya biyu ne.

Idan kana da wuraren awo da yawa, ka fara kai su duka tsayi ɗaya da zangon shekaru ɗaya. Sannan ka cike tsakaninsu. Hanya mai sauƙi ita ce IDW, inda wuri mafi kusa ya fi nauyi. Wadda ta fi ta ita ce kirigin, mai sunan Danie Krige, injiniyan ma'adinai na Afirka ta Kudu da ya fara ta wajen ƙiyasta zinare a ƙarƙashin ƙasa. Fifikonta shi ne tana ba ka taswira biyu, ta ƙiyasi da ta girman shakka a kowane wuri. Amma tana son wuraren awo masu yawa. Da tashoshi biyar ko shida ba za ta yi maka abin kirki ba. Kuma duka biyun makafi ne ga tudu da daji sai ka nuna musu.

Saboda haka abin da na fi yi shi ne in ɗauki taswirar da aka riga aka gina da lissafin tudu da rufin ƙasa, kamar Global Wind Atlas, ko wadda manhajar WAsP ta fitar, in kwatanta ta da awona a kowace hasumiya. Bambancin da na samu shi nake shimfiɗawa a yankin, in gyara taswirar da shi. Ta haka taswira ta kawo sanin ƙasa, hasumiya ta kawo gaskiyar awo.

Gwada taswirarka kafin ka yarda da ita. Cire tasha ɗaya, ƙiyasta gudunta daga sauran, ka kwatanta da awon gaske. Maimaita ga kowace tasha. Girman kuskuren da ka gani shi ne ainihin ingancin taswirar, komai kyawun launukanta.

Daga nan sai cire inda ba za a kafa inji ba: garuruwa da tazarar da doka ta ware kewaye da su, gandun da aka killace, filayen jirgin sama, gangare mai tsanani, ruwa, da wuraren da iskarsu ba ta kai ba. Abin da ya rage shi ne filin aiki. Injina suna son sarari, misali tsawon fiffike takwas ta inda iska ke bi, biyar ta gefe, ana nufin faɗin da'irar da fiffiken ke zanawa. Da da'irar mita 100, kowane inji zai ci mita 800 sau 500, wato murabba'in kilomita 0.4, megawat 6.25 ke nan a kowane murabba'in kilomita ga injin namu. A aikace akan samu ƙasa da haka, saboda hanyoyi, iyakokin filaye da siffar ƙasa. Ninka faɗin fili da megawat a murabba'in kilomita, da kason aiki, da 8,760, yanki-yanki bisa ƙarfin iskarsu, ka tara. Ka bayyana ƙarara cewa wannan abin da fasaha za ta iya ne. Abin da za a iya ginawa da riba ya danganta da nisan layin wuta da hanya, kuma lissafi ne na daban.

Mataki na 9: Faɗi iyakar tabbacinka

Adadin da ka samu ana kiransa P50, ma'ana yiwuwar a wuce shi da yiwuwar a gaza masa daidai suke. Masu zuba jari sun fi tambayar P90, adadin da ake da tabbacin kashi 90 za a kai.

Jera shakkun da ke cikin aikinka, kowanne da kasonsa na wuta: na'urar awo, ɗaga tsayi, daidaita dogon zango, sauyin shekara da shekara, taswira, jadawalin inji, asara. Shakkun da ke kan gudu sai ka mayar da su na wuta tukuna. Hanyar ita ce ka rage gudun duka da kashi 1, ka sake mataki na 7, ka ga kashi nawa wutar ta ragu. Sannan ninka kowane shakka da kansa, tara, ka ɗauki tushen jimlar. Kashi 4, 5, 3 da 7, alal misali, suna ba da 16, 25, 9 da 49, jimla 99, tushensa kusan 10.

P90 shi ne P50 sau (1 - 1.282 × σ), inda σ a nan ke nufin wannan haɗaɗɗiyar shakka, kashi 10 ya zama 0.1. Da 7,000 da shakkar kashi 10, ka samu wajen 6,100. A rahoto rubuta duka biyun, tare da tsayin da ka yi lissafi a kai, shekarun madogara, k da c, α, nauyin iskar da ka sa, da kason bayanan da suka tsira daga mataki na 1. Idan tazarar P50 da P90 ta yi faɗi, koma ka duba wane shakka ne ya fi girma a jerin. In na tsayi ne, a ƙara na'ura a sama ko a kawo lida, na'urar da ke auna iska daga ƙasa da hasken leza. In na taswira ne, a kafa hasumiya ta biyu a inda gwajin cire tasha ya nuna kuskure mafi girma. In kuwa na dogon zango ne, a bar hasumiyar tsaye ta ƙara shekara guda.